Ƙuda a Jikin Rufi: Yadda "On" ta Turanci Ke Kallon Duniya

Da wuya a sami wanda ya zauna a ajin Turanci a ƙasar Hausa bai taɓa rera jimlar nan tare da 'yan ajinsu ba: "The book is on the table." Malam ya ɗora littafi a kan tebur, ya nuna da yatsa, yara su amsa da ƙarfi, sannan a rubuta a allo cewa "on" ita ce "a kan". Darasin ba ƙarya ba ne, amma ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma wannan ƙuƙumin yakan bi ɗalibi har jami'a, wani ma har teburin ofis. Domin ba za a jima ba zai ji an ce hoto yana "on the wall", alhali idonsa na nuna masa hoton a jikin bango yake, ba can bisa katanga ba. Zai ji ƙuda yana "on the ceiling", ga shi kuwa ƙudan a ƙarƙashin rufin yake, ƙafafu sama, baya ƙasa. Zobe "on the finger", labari "on the radio", ɗaurin aure "on Friday", malamai "on strike". A nan ne ɗalibi kan yanke hukunci cewa Turanci ba shi da kan gado, sai dai a haddace a yi shiru. Ni kuwa ina ganin hukuncin nan kuskure ne. Kalmar "on" tana da tsari, tsarin yana koyuwa, kuma babu mabuɗin da ya dace da ƙofarsa kamar Hausar da yaro ya zo da ita daga gida.

Kada wani ya ce kalma mai harafi biyu ba ta isa a ɓata mata takarda ba. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A shekarun 1960 wasu masana biyu a Jami'ar Brown ta Amurka, Henry Kucera da Nelson Francis, sun tattara rubuce-rubucen Turanci na shekarar 1961 da suka kai kalma miliyan ɗaya, suka sa kwamfuta ta ƙirga wadda ta fi yawan fitowa. Bayan "the", kalmar "of" ce ta zo ta biyu. "To" da "in" suna cikin 10 na farko, "on" kuma tana cikin 20 na farko. Dukkansu 'yan gida ɗaya ne, ajin kalmomin da Turawa ke kira firifozishin, waɗanda almajirin nahawun Larabci ya san takwarorinsu da sunan haruffan jarri. Akwai dalilin da ya sa Turanci ya ɗora musu kaya haka. Turancin shekara dubu da suka wuce yana sauya ƙarshen suna domin nuna aikinsa cikin jimla, kwatankwacin yadda li'irabi ke yi a Larabci. Sannu a hankali waɗannan ƙarshen suka zube, sai aikin da suke yi ya koma kan jerin kalmomi da kuma waɗannan 'yan ƙananan kalmomi. Shi ya sa mutum zai iya sanin manyan kalmomi dubbai, amma da ya buɗe baki, 'yar "on" ko "in" ta tona inda saninsa ya tsaya.

Kafin mu leƙa gidan Bature, mu dubi namu. Bahaushe idan zai faɗi inda abu yake, jikinsa yake arowa. "Kan" daga kai ta fito, "cikin" daga ciki, "bayan" daga baya, "gaban" daga gaba. Muna da bakin kogi, gindin bishiya, jikin bango, goshin azahar, tsakar gida. Paul Newman, a babban littafinsa na nahawun Hausa da ya fito a shekarar 2000, ya ware wa irin waɗannan kalmomi matsayinsu, domin asalinsu sunaye ne da aka liƙa musu harafin mallaka. To idan Bahaushe ya ce "a kan tebur", ya ɗauki tebur tamkar halitta mai kai, ya ajiye littafin a wurin da ya fi tudu. Tambayar da "kan" ke amsawa ita ce: wane ɓangare ne sama? Saboda haka bango, wanda fuskarsa a tsaye take, sai a ba shi jiki, kogi kuwa a ba shi baki. Sannan muna da "a" ita kaɗai, wadda ba ruwanta da siffar wuri: a kasuwa, a aljihu, a yatsa, a rediyo. Wannan "a" ɗin ita ce Turanci ke tsagawa gida uku, "at" da "in" da "on", kuma a wajen tsagin ne mafi yawan tuntuɓe yake. (A nan ya kamata a tuna wa marubuta cewa "a kan" mai nuna wuri a rabe ake rubuta ta, "akan" ta haɗe ita ce ta sabo, kamar a "akan ce". Wanda ya kiyaye wannan a harshensa ya riga ya fara horar da idonsa kan ƙananan kalmomi.)

Ita "on" wata tambayar take amsawa. Ba ta damu da sama ko ƙasa ba. Abu biyu take nema: shin abin yana taɓa fuskar ɗayan, kuma shin ɗayan ne ke riƙe da shi? Taɓawa da tallafi, su ne jijiyarta. Littafi yana taɓa tebur, tebur na ɗauke da shi. Hoto yana taɓa bango, bango na riƙe da shi, in ba don bangon ba da ya faɗi. Ƙuda yana taɓa rufi, rufin ne madogararsa, ko da kuwa a kife yake. Zobe da yatsa haka, tawada da allo haka, takalmi da ƙafa haka. Da zarar an cire taɓawar, "on" ta tashi daga aiki: fitilar da ke reto a saman tebur ba ta taɓa shi, don haka "over" ko "above" ake ce mata. Daga fuska kuma kalmar ta miƙa zuwa layi. Bature yana ganin kogi da titi da iyakar ƙasa kamar zare da aka shimfiɗa, duk abin da ya taɓa zaren yana "on" ɗinsa. Shi ya sa zai ce Lokoja tana "on the Niger", ko Yamai, ba tare da ya yi nufin garin na iyo a ruwa ba. Bahaushe zai ce a bakin Kwara. Gari ɗaya, kogi ɗaya, amma ɗaya ya ga baki, ɗaya ya ga zare. Idan aka jera ta da 'yan uwanta biyu, sai surar ta ƙara fita: "in" tana ganin wuri kamar ƙwarya mai ciki, "at" tana ganinsa kamar ɗigo a taswira, "on" kuma kamar tabarma.

Wannan bambanci ba tsakanin Hausa da Turanci kaɗai yake ba, kuma sanin haka yana cire wa ɗalibi kunyar da ba ta da dalili. Melissa Bowerman, wadda ta yi aiki a Cibiyar Max Planck da ke Nijmegen a ƙasar Holan, ta shafe shekaru tana nazarin yadda harsuna ke rarraba wuri. A harshen Holan, wanda ɗan uwan Turanci ne na kusa, abin da "on" ke yi ita kaɗai kalmomi uku ke raba shi: kofi a kan tebur "op", hoto a jikin bango "aan", zobe a yatsa "om". Sifaniyanci kuwa ya haɗe abin da ke kan tebur da abin da ke cikin akwati a ƙarƙashin "en" guda, kusan yadda "a" tamu ke yi. A wani bincike da ta wallafa tare da Soonja Choi a 1991, sun nuna cewa harshen Koriya ya fi kula da ko abu ya shiga ɗaram ko kuwa sako-sako yake: sa zobe a yatsa da mayar da kaset cikin gidansa aikatau ɗaya ne a wurinsu, alhali Turanci zai ce ɗaya "on" ɗaya "in". Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne yaran kowane harshe sun kama rabon harshensu tun kafin su cika shekara biyu. Ke nan ɗalibin da ke fama da "on" yana ɗan shekara goma sha biyar ba daƙiƙi ba ne. Idonsa ya daɗe da sabawa da wani rabon, kuma ba a taɓa gaya masa cewa akwai rabo biyu ba.

Idan an kama jijiya, rassa ba su da wuyar bi. Ɗauki tallafi. Abin da ke ɗauke da nauyinka shi ne madogararka, saboda haka Turanci ya ce "depend on", "rely on", "count on", kuma mai rayuwa da ɗan albashinsa yana "live on" albashin, kamar ƙafarsa a kai take tsaye. Bahaushe bai yi nisa da wannan ba, domin "dogara" da muke faɗa game da Allah ko iyaye ita ce dai dogarar da tsoho ke yi da sandarsa. Juya surar kuma, ka dube ta daga wurin wanda ke ƙasa: abin da aka ɗora maka nauyi ne. Daga nan aka sami "tax on", "ban on", "put the blame on", kuma mu ma haraji muke ɗorawa, laifi ma ɗora shi muke yi a kan mutum. Magana ita ma tana da abin da take zaune a kai: "a book on history" littafi ne a kan tarihi, daidai wa daida. Sai kuma hali ko aikin da mutum ke ciki: "on duty", "on leave", "on the way", "on fire". Hausa tana cewa yana kan hanya, ana kan yi, tana kan ganiyarta. Wannan reshe tsoho ne ƙwarai. Kalmar "alive" asalinta kalma biyu ce a tsohon Turanci, "on" da kalmar rai, haka "asleep" asalinta "on" da barci, "away" kuma "on" da hanya. Yawan furtawa ne ya cinye "on" ta koma "a". Mai jin Hausa ba zai rasa jin daɗin ganin yadda "alive" ta yi kama da "a raye" ba. Dace ne kawai, babu dangantakar asali tsakanin kalmomin, amma dabarar tunanin iri ɗaya ce, kuma malami mai hikima zai iya amfani da ita.

Lokaci ma a kan wannan sura aka gina shi. Sa'a ɗigo ce, don haka "at five o'clock". Wata da shekara ƙwarya ce mai ɗauke da kwanaki, don haka "in August", "in 1960". Yini kuwa tabarma ce da ake shimfiɗa al'amura a kai. Nijeriya ta sami 'yanci "in 1960", amma "on 1 October 1960". Nijar "on 3 August". Da zarar an ambaci rana, "on" ta karɓi ragama, shi ya sa ake cewa "in the morning" amma "on Monday morning".

Mai suka zai ce duk wannan bayani bayan fage ne: an ga amsa, sannan aka ƙera mata dalili. Zai kawo hujja mai ƙarfi kuwa. Me ya sa "on the bus" amma "in the car", alhali duka biyun a ciki ake zama? Akwai amsa: bas da jirgin ƙasa da jirgin sama da na ruwa suna da daɓen da fasinja zai iya tsayawa ya taka, ƙaramar mota kuwa sai dai a lanƙwasa a shige. Amma Faransanci yana cewa "dans" ga bas ɗin nan, wato ciki, kuma ba wanda zai ce Faransawa ba su ga daɓen ba. Me ya sa "at night" amma "in the evening"? Me ya sa mutumin Ingila ke cewa "at the weekend", Ba'amurke ya ce "on the weekend"? Me ya sa "depend", wadda asalinta a Latin rataya take nufi, ta zaɓi "on" a Turanci, Faransanci kuwa ya bar ta da "de"? Dole a amsa wa mai sukan cewa yana da gaskiya a nan: sura ba ta iya hasashen kowane amfani, akwai wuraren da al'ada ce kawai ta yanke. Sai dai abin da nake da'awa bai kai can ba. Sanin jijiya ba ya hana hadda, yana rage ta ne, yana kuma ba abin da aka haddace maratayi. Ɗalibin da aka gaya wa zancen daɓen bas ba zai sake mantawa ba, kuma gobe in ya ci karo da jirgin da bai taɓa jin sunansa ba, zai san wadda zai ɗauka. Wanda aka ba jeri kawai, in jerin ya ƙare, shi ma ya ƙare.

Wani kuma zai ce mu mutanen hadda ne, da ita muka riƙe ilmi ɗaruruwan shekaru, don me za a kawo mana falsafa a kan harafi biyu? Wannan ya manta yadda zaure ke aiki. Gaskiya ne almajiri yana haddace haruffan jarri a Ajurrumiyya, ɗan littafin nan na Ibn Ajurrum mutumin Fas wanda ya rasu a 1323. Amma babu malamin kirki da ke tsayawa nan. In karatu ya yi nisa, sai an zauna an warware ma'anonin kowane harafi, asalinsa da inda ya miƙa, a wane wuri "ala", takwarar "on" a Larabci, ke nuna ɗaukaka ta zahiri, a wane wuri ta aro ce. Ibn Hisham na Masar, wanda ya rasu a 1360, ya ba wannan fanni babban kaso na littafinsa Mugnil Labib. Ashe abin da nake kira a yi wa "on" tsohuwar hanyarmu ce. Haddar da ke da amfani a Turanci ita ce ta kalma tare da abokiyar tafiyarta: kada a haddace "congratulate" ita kaɗai, a haddace "congratulate her on her success"; kada a riƙe "insist" tsirara, a riƙe "insist on going". Ƙamus mai kyau na masu koyo yana nuna waɗannan abokan tafiya a misalansa, kuma misalan sun fi fassarar da ke sama amfani.

Sukar da ta fi yawa a makarantunmu ita ce ta masu ganin shigo da Hausa ajin Turanci shi ke lalata Turancin. Tsoronsu yana da tushe. Ɗalibin da ya rubuta "discuss on the matter" mai yiwuwa "tattauna a kan batun" ce ke magana ta bakin alƙalaminsa, domin "discuss" ba ta bukatar kowace 'yar rakiya. Amma ina tambaya: hana Hausa fita daga baki yana hana ta aiki a zuciya? Yaron yana fassara ko an yarda ko ba a yarda ba, sai dai yana yi a ɓoye, inda babu mai gyara masa. Ya fi a fito da kwatancen fili. A ce masa: ga inda "on" da "a kan" suka yi tafiya tare, tebur, haraji, batun magana, hanya; ga inda suka rabu, bango, rufi, kogi, rediyo, rana. Minti goma na irin wannan ya fi wata guda na jan alƙalami. Wani kuskuren ma ba daga Hausa yake ba: "emphasise on" daga cikin Turancin kansa ta fito, domin sunan yana ɗaukar "on", wato "emphasis on", aikatau ɗin kuwa ba ya ɗauka. Malamin da ya ɗora wa harshen uwa kowane laifi ba zai ga wannan ba. Ɗalibin Maraɗi ko Damagaram kuwa hawa biyu zai yi, domin "sur" da "dans" na Faransanci suna tsaye tsakaninsa da Turanci, kuma shi ne ya fi kowa bukatar a baje masa harsunan uku a faifai.

Saura masu cewa ai ana fahimtarmu, kuma Nijeriya tana da Turancinta. Haka ne. David Jowitt ya rubuta littafi a kan Turancin Nijeriya tun 1991, kuma a watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi 29 daga Nijeriya, har da Kannywood. Mai cewa "on the fan" da nufin kunna fanka, ko "he is not on seat" da nufin ba ya ofis, bai aikata abin kunya ba; hasali ma zancen kujerar ya bi jijiyar "on" sau da ƙafa. Amma mai duba takardar WAEC da ma'aunin daidaitaccen Turanci yake aiki, kuma rashin kiredit a Turanci yana rufe ƙofar jami'a. Ban da jarrabawa ma, akwai inda 'yar kalmar ke juya ma'ana gaba ɗaya. Jirgin da ya iso "on time" ya zo daidai sa'ar da aka sa masa; likitan da ya iso "in time" ya zo kafin aikin gama ya gama, ko da ya makara da sa'a guda. Mai cewa abu yana "on my mind" yana nufin ya dame shi, nauyi ne a kansa. Mai cewa yana da shi "in mind" yana nufin ya ajiye shi a ciki, yana da niyya. Ƙwarya da tabarma ne dai suka sake bayyana, wannan karon a cikin zuciya.

Abin da malami ke bukata don wannan darasi yana cikin ajinsa: kofi, zare, ɗan ƙusa, guntun alli. Ya ɗora, ya rataya, ya liƙa, ya ɗaura, kowane karo ya tambayi yara yadda za su faɗa da Hausa, sannan ya ba su na Turanci, su ga da idonsu yadda "a kan" da "a jikin" da "a" suka taru a "on" guda. Wanda ya bar makaranta kuma zai iya ware shafi ɗaya a littafinsa, duk "on" da ya tsinta a jarida ko rediyo ya rubuta ta da jimlarta, ya tambayi kansa wane reshe ce: taɓawa, dogaro, nauyi, batu, rana, ko hali. Wasu za su ƙi shiga ko'ina, sai a ba su gefensu. Wasu kuma za su buɗe masa abin da bai zata ba. Manomi a Turanci yana aiki "on the farm", amma shanunsa suna kiwo "in the field", domin gonar an gan ta shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da ake takawa, filin kuwa an gan shi da shinge kewaye, irin filayen Ingila. Bahaushe ya ce a gona, ya ce a fili, ya wuce abinsa.